Titin da Aka Soke da Titin da Aka Watsar: Laccar da Aka Gabatar a Kahu

 

An nemi in yi magana a kan titi, kuma zan ɗauko zancen daga nesa, daga birnin Toronto na ƙasar Kanada, kafin in sauke shi a ƙofar gidanmu.

A 1963 hukumomin Toronto suka fara gina babban titin Spadina, mai layi da yawa, babu mahaɗa babu fitilar tsayawa, don ya ɗebo motoci daga unguwannin arewa ya zube su a tsakiyar birni. Kafin ƙarshen 1966 sashen farko ya fara aiki. Amma ragowar sai ya ratsa tsofaffin unguwanni, a rushe gidaje masu yawa. Mazauna suka tashi tsaye, cikinsu har da marubuciya Jane Jacobs, wadda ta yi irin wannan gwagwarmaya a New York kafin ta koma Toronto a 1968. A watan Yunin 1971, shugaban gwamnatin lardin Ontariyo, Bill Davis, ya soke aikin.

To, wa ke da gaskiya? Masu son titin ba sakarkaru ba ne. Birnin na faɗaɗa, ma'aikata na ɓata lokaci a hanya, kuma har yau ana cunkoso a titin Eglinton, inda guntun titin ya tsaya. Sai dai lissafi bai goyi bayansu ba. Layi ɗaya na babban titi ba ya wuce ɗaukar mota kusan 2,000 a awa, galibi kowace da mutum ɗaya ko biyu. Layin jirgin ƙasa na cikin gari kuwa yana iya ɗaukar mutum dubu goma-goma a awar. Sannan motar da ta iso tsakiyar birni tana buƙatar wurin ajiyewa, wato wani rushe-rushen. Akwai kuma abin da masana biyu na Jami'ar Toronto, Duranton da Turner, suka nuna a 2011 game da biranen Amurka: gwargwadon yadda aka ƙara titi, gwargwadon haka tuƙi ke ƙaruwa. Wanda a da yake hawan bas sai ya fito da motarsa, kafin a jima cunkoson ya dawo.

Abin lura shi ne, da suka soke titin ba su naɗe hannu ba. A tsakiyar sashen da aka riga aka gina suka shimfiɗa layin jirgi, ya fara aiki a 1978.

Jama'a, mu dawo gida. A zangon mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu a matsayin gwamnan Kano, daga 2011 zuwa 2015, an ƙaddamar da tagwayen tituna masu tsawon kilomita biyar-biyar a hedikwatocin ƙananan hukumomi, da magudanan ruwa da fitilu, har da Rano da Kibiya a lissafin. Da gwamnati ta sauya a 2015, da yawa daga cikinsu suka tsaya cak. Gwamna Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka lokacin da aka fara, ya sake tayar da aikin bayan ya hau mulki a 2023.

Ban zo yabon wani ko kushe wani ba. Bambancin nake so mu gani. A Toronto an yi muhawara a fili, an kawo alƙaluma, an yanke hukunci, an samar da madadi. A wurinmu ba a cika soke aiki ba. Watsar da shi ake yi. A kankare ƙasa, a haƙa kwata, ɗan kwangila ya kwashe katafilolinsa, a bar mutane da ƙura da rani, taɓo da damina. An kashe kuɗi, ga shi ba a ga tsuntsu ba, ba a ga tarko ba.

Wata tambayar kuma ita ce ta amfani. Matsalarmu a nan ba cunkoson motoci ba ce. Mu masu noma ne, kusa da madatsar ruwa ta Tiga da filayen noman rani na Kadawa da Bunkure. Damuwar manomi ita ce yadda kwandon tumatir zai isa kasuwar Kwanar Gafan bai ruɓe ba, buhun hatsi ya isa kasuwar Dawanau kuɗin mota bai cinye ribar ba, mai naƙuda ta isa asibiti cikin watan Agusta. Kuɗin tagwayen titi na kilomita biyar zai shimfiɗa hanyar karkara mai tsawon da ya ninka haka, da kwalbatocinta. Titin cikin gari yana ƙawata gari, yana kuma raya kasuwanci, amma a auna shi da wannan tukuna.

Saboda haka ina kira gare ku. Duk wanda ya zo da alkawarin titi, ku tambaye shi: an ƙirga ababen hawan da ke bin wurin ranar kasuwa? Gidaje nawa za a taɓa, kuma an tanadi diyya? Kuɗin kammalawa na cikin kasafi? Ku nemi amsa a rubuce ta hannun kansilolinku da 'yan majalisarku tun kafin katafila ta iso.