Awon jijiyar wuya: jawabin mushen lakwal ga taron ƙungiya



Wani ƙanena mai ci-rani ya tara kuɗɗi, shina so ya kai tsohonshi Yamai a yi mishi eko na wuya, alhali tsohon lahiya lau yake. Ya tambaye ni shawara. Ni mushen lakwal ne, ba lokotoro ba, amma ga abin da lokotorori sunka ce.

Ga wuyan kowa akwai manyan jijiyoyi biyu, dama da hagu, masu kai jini ga ƙwaƙwalwa. Da tsuhwa, maiƙo kan taru cikinsu, hanya ta matse. In gutsure ya ɓalle ya toshe hanyar jini, sai ɓarin jiki ya shanye. Eko na gwada matsewar, ba allura, ba yanka.

To, mi ya hana kowa ya yi? Wani kwamitin masana na Amurka ya duba maganar a 2007, 2014 da 2021. Sau ukku amsa guda: kada a yi ma wanda ba ya da alama. Matsewa mai tsanani ba ta da yawa cikin jama'a, na'urar kan gwada ciwo inda babu, kuma aikin hiɗa da kan biyo baya shi kanshi na iya jawo shanyewar da ake gudu.

Babban mai kawo shanyewar jiki shi ne hawan jini, wato tansiyo. Awonshi minti biyar ne, ana yin shi Dogon Dutsi, Tibiri, har likitar ƙauye. In ya kai 14 bisa 9 kuma ya zauna hakanan, a ga lokotoro. A rage gishiri, kanwa da magi, a bar taba. Maganin tansiyo kullum ake shan shi, ba a tsaida shi don an ji sauƙi.

Amma in baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ido guda ya dushe, ko da ya wuce cikin ƴan mintoci, a tahi likita nan take. Kada a kwana neman maganin iska. Nan ne eko ke da amfani.

Shawarata, ƙungiya ta sayi abin awon tansiyo, a auna dattawanmu kowane wata. Ku kuma ƴan ci-rani, kuɗɗin motar Yamai ku sa su ga maganin tsohuwa da tsoho, kada ya yanke.

Allah shi ba mu lahiya.