Akwatin Rediyon Tsohon Zagga



Akwatin nan da kuke gani bisa tebur daga Zagga muka ɗauko shi, a ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, can wajen iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Na kakan ɗayanmu ne. Mutanen gida sun ce wurin fatake ya saye shi, tun ƙasar nan tana amsa sunan Dahomey, watau kafin 1975. Da muka je hutu muka tarar an fito da shi tsakar gida za a ba 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai kai na mudun shinkafa ba. Dalili kuwa, wai ƙwayayensa sun mutu. Muka roƙa aka ɗaga mana ƙafa, bisa sharaɗin in bai yi magana ba mu mayar.

Kafin tiransista ta zo a 1947, abin da ke ƙarfafa murya cikin rediyo shi ne ƙwan gilashi da aka zuƙe wa iska. Cikinsa akwai siririyar waya, wadda in ta yi zafi sai ta riƙa sakin lantarki zuwa wani faranti, a tsakaninsu kuma akwai raga mai ƙayyade yawan abin da zai wuce. Fleming na Ingila ya ƙago ƙwan a 1904, De Forest na Amurka ya daɗa masa ragar a 1906. Birane irin su Kano suna da akwatin da ake jawo masa waya daga tasha, amma mutumin ƙauye ba shi da waya, ba shi da wutar lantarki, tilas ya nemi mai batir. Namu irinsa ne, ƙwai huɗu gare shi.

To, abin da muka gano shi ne an yi wa ƙwayayen nan ƙazafi. Muka auna su ɗaya ɗaya, duka huɗun wayarsu lafiya lau. Masu laifin su ne kondansa, waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle na takarda da kakin zuma. Shekaru da damshin damina, balle a ƙasar da kogin Kwara ya ratsa, sukan sa takardar ta jiƙe, lantarki ya riƙa yoyo ta inda aka ce ya tsaya. Mafi haɗari ita ce wadda ke gaban ƙwai na ƙarshe, mai kai murya lasifika: in ta yi yoyo, ƙwan zai yi ta zuƙar wuta fiye da kima, murya ta shaƙe, batir ya ƙare, shi kuma ya tsufa da wuri. Muka cire su, muka liƙa sababbi da dalma. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Birnin Kebbi ne ya koya mana mu riƙa canja ɗaya, mu rubuta, sa'an nan mu taɓa ta biyu. Gaggawa ta sa muka ƙi ji a ranar farko, muka kwana biyu muna neman inda wata waya ta fito.

Sai maganar batir, kuma a nan muke roƙon ku kasa kunne, musamman masu irin wannan akwati a gida. Wuta iri biyu yake ci: bolt ɗaya da rabi don ɗumama wayar ƙwai, da bolt 90 don farantin. Ba mu sami irin babban batirinsa na da ba, don haka muka jera ƙananan batura goma masu bolt tara-tara, muka sami 90, muka ware guda mai ɗaya da rabi. Wanda ya yi kuskure ya kai 90 inda ɗaya da rabi ya kamata, kafin ƙiftawar ido ƙwayayen huɗu sun ƙone gaba ɗaya, kuma wannan ba ta da gyara. Haka ma mai cewa bari in haɗa shi da wutar janareto in gani. Muna kyautata zaton akwatuna da yawa a hannun masu gwaji suka mutu, ba tsufa ya kashe su ba.

Daren da muka gama, muka ɗaure waya mai tsawon kamu ashirin a bishiyar darbejiya ta zama eriya, muka kafa ƙarfe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, muka murɗa. Da fari sai shuuu da feɗuwa. Can wajen mita 31, a gajeren zango, muka ji Faransanci, gaba kaɗan Larabci, daga bisani muka faɗa kan Hausa. Tsohuwar gidan ta fito daga ɗaki, ta ce da wannan akwati maigida ya riƙa jin Landan, wadda ta fara magana da Hausa a 1957, maƙwabta kuma su cika zaure har a rasa wurin tabarma. Ta ce mu bar shi a kunne. Muka ce, "Iya, batir zai ƙare." Ta ce a sayo wani.

Da ƙyar ta yarda muka kawo shi nan, kuma ranar Asabar za mu mayar mata. Yanzu, in Shugaba ya ba mu izini, za mu kunna. Muna roƙon na baya su yi shiru, don muryarsa ba ta da ƙarfi.