Musun 'Yan Gem: Wanne Ya Fi Daɗi?

Duk wanda ya leƙa gidan gem da yamma zai tarar musu ya kaure: eFootball ko FC, wanne ya fi daɗin bugawa?

Magoya bayan eFootball, wanda kamfanin Konami na Japan ya sauya wa suna daga PES a 2021, cewa suke ƙwallonsa na da nauyi a ƙafa, sai ka natsu ka shirya hari, ga shi kyauta ake sauke shi a waya. 'Yan FC kuwa, wato tsohon FIFA da kamfanin EA ya sake wa suna a 2023 bayan ya raba gari da hukumar ƙwallon duniya, suna tinƙaho da sunayen ƙungiyoyi da rigunansu na ainihi.

Can gefe kuma ga 'yan Free Fire, gem ɗin harbe-harbe wanda ko ƙaramar waya tana ɗauka: mutum 50 a tsibiri, cikin kamar minti 10 an san gwani.

Musun nan yana da rana. Kafin ka ƙona data, ji ta bakin wanda ya buga. Sai dai kada gem ya cinye lokacin karatu da na sallah. A huta lafiya.