Caji Guzuri Ne: Jawabi ga Matafiyan Sahara a Taron Unguwa, Soba

Ku samari da kuka raɓe a baya can, ku matso kusa, don galibin maganar nan taku ce.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 babu mai koya wa mutumin Khartum darajar caji. Wuta ta ɗauke, a Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka yanke, mutum da kuɗinsa a manhajar Bankak ya rasa yadda zai sayi burodi. A 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashoshin wutar Marawi, duhu ya rufe jihohi. Duk da haka, wayar da ta mutu a cikin gari wahala ce mai iyaka: mutum ya taka zuwa wurin mai sola, ya biya, ya jira. Yanzu da sana'a ta yi ƙaranci, samarinmu da yawa sun nufi arewa neman zinariya, wajen Abu Hamad da kasuwar Abidiyya da Wadi Halfa, wasu kuma suna bin manyan motoci ta hanyar Shiryanus Shimal daga Umdurman zuwa Dungula. Wanda ya sauka daga kwalta ya shiga rairayin Bayuda, babu mai sola a gabansa. Abin da na tsaya a kai yau shi ne, a irin wannan tafiya caji guzuri ne, a lissafa shi tun daga gida yadda ake lissafa ruwan jarka: nawa muka ɗauka, nawa za mu sha a yini, nawa ne ba a taɓawa sai rai ya kai ga halaka.

Akwai kuskuren da ya yi yawa a tsakaninmu, wai idan babu sabis waya ta zama banza. Sabis na kira daban, nuna wuri daban. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna kewaya duniya daga nisan kusan kilomita 20,200, kuma Rasha da Turai da Sin kowa na da irin nasa. Wayar hannunka sauraron su kawai take yi. Idan ta kama huɗu daga ciki sai ta gaya maka inda kake tsaye, ba ta buƙatar layi, ba ta buƙatar kati. Abin da take buƙata shi ne taswira da aka sauke cikinta tun ana cikin gari, ta manhaja irin su OsmAnd ko Maps.me, sai kuma batir mai rai. Ke nan yaron da ya kwana yana kallon bidiyo a sansani har allo ya yi baƙi, hanyar komawa gida ya ƙone, ko da bai sani ba.

Abu uku ke cinye cajin. Na farko neman sabis: waya idan ta rasa eriya ba ta haƙura, sai ta ƙara ƙarfi tana lalube, ko tana cikin aljihu. Maganinsa kyauta ne, a danna alamar jirgin sama. GPS zai ci gaba da aiki. Na biyu hasken allo, wanda rana ke sa mutum ya ƙure shi. Na uku, wanda aka fi sakaci da shi, zafi. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da wayoyinsa a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Mayu zafin rana a Khartum yakan haura 41, a inuwa ma ke nan. Ku dubi gaban kowace motar boksi da ta tsaya a tasha: waya kwance a bakin gilashi, rana na dukanta, kebul a soke. Wurin nan yakan yi zafin da hannu ba ya iya dafawa. Batirin da aka gasa haka ƙarfinsa raguwa yake yi, ba ya dawowa, wani ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Wanda ya kumbura a rabu da shi, don yana iya kamawa da wuta. A naɗe waya a tsumma, a tura ta tsakiyar kaya, a yi caji da asuba ko bayan magariba.

Sai fawa bank, inda ake cutar mutane da lambobi. Wadda aka rubuta wa 10,000 mAh, ko ta gaskiya ce, kusan kashi biyu cikin uku ne ke fitowa ta kebul, saura ya tafi a juya wuta da ɗumi. Wayar zamani mai batir 5,000 za ta cika sau ɗaya da sulusi, ba sau biyu ba. Ta gaskiya mai wannan girma nauyinta kusan giram 200 ne, don haka idan aka miƙo maka wata shafal da rubutun 50,000, mayar masa da abarsa. Nauyin ma ba hujja ba ne, tunda an sha fasa jabu a tarar da yashi a ciki. Gwaji ɗaya ne: a cika ta a gida, a ga waya nawa ta tayar, kafin a hau mota. Ita kuwa mai ɗan farantin sola a baya, ado ne. Abin da yake bayarwa bai wuce wat ɗaya zuwa biyu ba, sai ta yi kwanaki a rana ba ta cika ba, ga shi ana dafa batirin. Faranti mai naɗewa na wat 20 shi ne abin saye, yana iya cika irin waccan fawa bank a rabin yini. Farantin a rana, batir a inuwa, da kebul mai tsawo a tsakaninsu, kuma a goge fuskarsa bayan guguwar habub, don ƙura na tare haske. Cajin mota yana da kyau muddin inji na aiki. In an kashe shi kowa ya ci gaba da zuƙa, batirin motar ne zai kwanta, kuma tura boksi a rairayi ba wasa ba ne.

Na san wani dattijo zai ce, kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Mai Wurno suka iso bakin kogi kusa da Sinnar, wace waya suka riƙe? Gaskiya ne, kuma maganar ta cancanci amsa. Su da madugu suka tafi, da jagaba wanda ya san ƙasa, suna yada zango daga rijiya zuwa rijiya, daga gari zuwa gari, wani ya shekara yana noma a hanya kafin ya ci gaba. Ƙafa ba ta kai mutum nesa da ruwa fiye da yadda zai iya dawowa. Mota kuwa a rabin yini za ta ajiye ka kilomita ɗaruruwa daga rijiya, sannan ta lalace. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, 'yan'uwanmu ne, motocinsu suka mutu. A Fabrairun 2021 hukumomin Kufra a Libiya suka tarar da wata mota da ta taso daga Fashir watanni kafin nan, da gawarwaki takwas a gefenta. Ba ina cewa caji shi kaɗai zai cece su ba. Ina nuna muku ne cewa mun ɗauki saurin zamani mun bar ilimin jagaba, kuma ɗan abin da ya maye gurbinsa a batir yake rataye.

Mai cewa a bar wa Allah, malamanmu ga su zaune, sun fi ni sanin hadisin ɗaure raƙumi da Tirmizi ya ruwaito. Mai cewa babu kuɗi ya fi ƙarfin hujja, don rayuwa ta yi tsada. To amma ba kowa ne zai sayi faranti ba. Mutum goma da za su shiga mota ɗaya su yi karo-karo su sayi guda. Kuma abin da ya fi muhimmanci ba a saye: a ware waya ɗaya ta ayari, a cika ta, a kashe ta, a damƙa wa mafi hankali a cikinku, ba mafi baki ba. Ba a kunna ta don kiɗa, ba a ara wa kowa, sai duba hanya safe da yamma. A haɗa da ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ke yin kwanaki da caji ɗaya, don kira idan an kusanci gari. Masu hali su nemi Garmin eTrex, mai aiki da batir biyu irin na rimot har kusan awa 25, ko wayar Thuraya da ke kira ta tauraron ɗan'adam.

Saura magana mai nauyi, ta shingen bincike. A halin yaƙi ana buɗe wayoyi, ana ƙwace wasu, kuma na'urar nuna hanya ko Thuraya na iya jawo wa mutum tuhuma. Wannan tsoro yana da dalili, don haka a tambayi hukuma abin da aka yarda a ɗauka kafin a tashi, kada a ɓoye. Shi ya sa ma kada komai ya tsaya a waya. Lambobin GPS na wurin da aka bar kwalta, da na rijiya ta ƙarshe, da na sansani, a kwafe su da biro a takarda, a sa a leda, mutum biyu su riƙe. Lambobin wayar gida ma haka, don yawancinmu ko ta mahaifiya ba mu haddace ba. Iyaye mata, ku ma da naku aikin: kafin yaro ya fita ku karɓi kwafin takardar nan, da sunan direba, da lambar mota, da ranar da ya ce zai kira. Idan ranar ta wuce da kwana biyu ba a ji shi ba, a kai takardar wurin kwamitin unguwa, a fara kiran mutanenmu na Atbara da Abu Hamad.