Kafin Ka Ce A Cire Haƙorin Nan

 

Ni dai ba likita ba ne, kowa ya san yadi nake sayarwa a kasuwar Wuse. Dalilin da ya sa aka ce in yi magana a kan haƙori shi ne na sha wuyarsa, zirga-zirgar asibiti kuma ta koya mini darasi.

Babban mutum haƙora 32 gare shi, wanda ya tafi kuma ba ya da magaji. Amma mu da zarar haƙori ya fara zogi, maganarmu ɗaya ce: a cire a huta. Haka na yi shekarun baya. Turmina na ƙasa ya yi kogo, na sa kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, har wani ya ba ni shawarar ruwan batir, Allah Ya sa ban bi ba. Daga ƙarshe wani mai cire haƙori a bakin tasha ya fizge shi. Bayan 'yan shekaru sai maƙwabtansa suka fara karkacewa wajen giɓin, na sama kuma ya zazzago tun da ya rasa abokin tauna. Yau ko tsire da gefe ɗaya nake cinsa.

Abin da muke kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani tsami mai cinye haƙorin a hankali. Idan kogon ƙarami ne, likita zai goge ruɓaɓɓen wurin ya yi ciko, yawanci a zama ɗaya. Akwai tsohon ciko mai launin azurfa, kusan rabinsa zaiba ce, irin wadda masu haƙar zinare ke aiki da ita. Saboda ita duniya ke janye jiki daga gare shi tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, Tarayyar Turai ma ta hana shi daga Janairun 2025. Akwai kuma farin ciko mai launin haƙori. Wanda ke da tsohon a bakinsa, in bai tsage ba, kada ya yi gaggawar ɓamɓare shi sai likita ya duba.

To, in aka yi sakaci ruɓar ta kai ga jijiya, lokacin ne mutum ba ya barci, kunci ya kumbura. Ko a nan ma ba dole ne a cire ba. Ana yin allurar kashe zafi, a fitar da jijiyar da ta lalace, a wanke cikin saiwar a toshe ta, sannan a sa wa haƙorin hula ta ƙarfe ko ta tangaran don kada ya fashe. Ya fi ciko tsada nesa ba kusa ba, amma haƙorin naka ne. Da na san wannan a lokacin, da turmina na nan.

Alhazai da hajiyoyi, ku yi mini afuwa, haƙorin Makka ma hula ce. Sai dai a kan lafiyayyen haƙori ake ɗora ta, wani lokaci har a kankare shi. In ba ta zauna daram ba, abinci na shiga ƙarƙashi, haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Wanda ya ji tasa na motsi ko bakinsa ya fara wari, ya je a duba.

In kuwa haƙori ya riga ya tafi, mafi sauƙin kuɗi shi ne na roba, wanda ake cirewa da dare a wanke. Akwai gada, inda ake kankare haƙoran da ke gefe da gefen giɓin a rataya sabon a jikinsu. Sai dashe, wanda aka fara yi wa mutum a ƙasar Suwidin a 1965: ana kafa ƙusar ƙarfen titaniyam a ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙori. Kuɗinsa jari ne guda, kuma mai shan taba ko mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, dashe kan ƙi zama a bakinsa.

Mu da ke Abuja ba mu da uzuri. Akwai sashen haƙori a Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da manyan asibitocin gwamnati irin na Wuse da Maitama. Mai katin inshorar lafiya ya tambayi abin da katin ya ɗauka kafin a fara aiki.

Iyaye mata, wannan taku ce. In yaro ya faɗi haƙorinsa na girma ya fita ɗungurungum, kada a jefar. A riƙe shi ta kansa ba ta saiwa ba, kada a goge, a saka shi cikin madara, a garzaya asibiti cikin awa ɗaya, ana iya mayar da shi ya kama. Haƙorin famfara ne kaɗai ba a mayarwa.