Kafin ka aiki AI, faɗa masa abin da "an gama" yake nufi

Maganar yau ta masu harkar kwamfuta ce, amma ku masu riƙe da lissafin ƙungiyar manoma ko shagon taki, kar ku tashi, har da ku.

Kun san manhajojin da ake tsara ayyuka a cikinsu, irin su Trello da Asana, ko Google Sheets da muka fi sabawa da shi. Ka rubuta aiki, wa zai yi, yaushe, an yi ko ba a yi ba. To yanzu ba mutum kaɗai ke taɓa wannan jerin ba. Akwai abin da ake kira wakilin AI, ni ɗan aike nake ce masa. Shi ba hira kawai yake yi ba: yana buɗe aiki, ya ɗora wa wani, ya rufe. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari mai suna MCP na haɗa irin wannan ɗan aike da manhajoji, a 2025 OpenAI ma ya karɓe shi. A tsarin, kowane abin aiki yana zuwa da suna, da guraben da za a cike, da bayani a rubuce na abin da yake yi. Wannan bayanin shi ne idonsa. Abin da ba ka rubuta ba, cankar sa zai yi.

Mu kawo abin gida. A ce ƙungiya ce da ke raba taki tana sayen masara a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A jerin akwai gurbi, an rubuta "sabuwa". Kai ɗan gari ka san garin ake nufi. Shi fa? Yana iya ɗauka sabuwar buƙata ce da ba a taɓa ba. Ga 'Yankara a ƙasar Faskari, ga Ƙanƙara ƙaramar hukuma daban, kuma yawancinmu a waya ba ma sa lanƙwasa a haruffa. Harafi ɗaya ya kuskure, mota ta nufi wani wuri. Don haka a bayanin ka rubuta ƙarara: wannan gurbin na ƙaramar hukuma ne, sunaye uku kaɗai yake karɓa, ga su. Na gaba na gunduma ne. Haka awo. "Goma" ɗin nan buhu ne ko tiya? Buhun taki mai kilo 50 ne, na masara kuwa ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. "Jibi" kuma ba kwanan wata ba ne, a sa rana da wata da shekara.

Amma inda na fi so ku tsaya shi ne kalmar "an gama". Direba a wurinsa an gama idan ya sauke kaya. Ma'aji sai kuɗi sun shigo. Manomi sai buhu ya shiga ɗakinsa. Mutum uku, ma'ana uku, maɓalli ɗaya. Ku raba shi: an ɗora, an sauke, an karɓa, an biya. Kowanne ka rubuta wanda ke da ikon dannawa da shaidar da ake so.

Sai maganar sabis. Ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da waɗannan ukun. Yau ma akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu saƙo yake fita. Ɗan aiken da aka gina da tunanin intanet ba ta yankewa, in ya ga aiki ya kwana biyu shiru, zai ce ba a yi ba, ya sake tura wani. A wani wuri wannan asarar man fetur ce kawai. A hanyoyinmu kuwa ɗan wani ne aka sake ɗorawa a kan hanyar da kowa ke bi da addu'a, a kan aikin da an riga an yi. Layi ɗaya ya isa: shiru ba ya nufin ba a yi ba, kar ka sake turawa sai shugaba ya kira ya tabbatar.

Ni a ganina duk abin da ba ya gyaruwa in an yi shi, biyan kuɗi, goge aiki, tura mutum kan hanya, bai kamata AI ya yanke shi kaɗai ba, komai ƙwarewarsa. Ya shirya, mutum ya amince. Wannan ma a rubuta, kar a bar shi a ka.

Gwajin da sauƙi. Ka ba wanda bai taɓa taka ƙasar Funtua ba bayanin nan, ka ce ya ɗora aiki guda, kai kuma ka kama bakinka. Duk inda ya ɗago ya tambaye ka, nan ne ɗan aiken zai yi canke, sai ka koma ka ƙara layi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan karanto muku samfurin bayani guda daga farko har ƙarshe. Sai mun haɗu.