Kantin da Ke Karɓar Katin Abinci: Wa Ke Ba Shi Izini, Kuma a Kan Me?



Duk lokacin da aka tayar da zancen tallafin abinci da gwamnati ke ba mabuƙata, tambayoyi biyu ne ke cinye muhawara: wa ya cancanta, kuma nawa za a ba shi. Akwai ta uku da ba a cika yi ba, wato a wane kanti zai kashe abin da aka ba shi. A kanta nake so mu tsaya yau, kuma Amurka zan ɗauka misali, domin can an daɗe ana wannan aiki ta hannun 'yan kasuwa, an kuma rubuta ƙa'idojinsa dalla-dalla. Abin da nake son kafawa shi ne cewa izinin da ake ba kanti wani yanki ne na tallafin kansa. Kuɗin da ke cikin kati ba ya shiga tukunya sai akwai kanti kusa da mai katin, wanda aka yarda ya karɓa, wanda kuma yake da abinci na gaske a kan kantarsa. Wanda ya rubuta sharuɗɗan izinin, da saninsa ko ba da saninsa ba, shi ya yanke nisan da tsohuwa za ta taka kafin ta sayi madara.

Shirin tallafin abinci na Amurka ya fara ne a 1939 a birnin Rochester na jihar New York. Mutum ya sayi takardu masu ruwan lemo na dala ɗaya, sai a ƙara masa shuɗaye na santi 50, waɗanda ba a sayen komai da su sai abincin da ya yi wa manoma yawa. An dakatar a 1943, Shugaba Kennedy ya dawo da shi a matsayin gwaji a 1961, Shugaba Johnson ya sa hannu a dokarsa a 1964. Zuwa 2004 katin lantarki da ake kira EBT ya maye gurbin takarda a duk jihohi, a 2008 kuma aka sauya wa shirin suna zuwa SNAP. A 2023 fiye da mutum miliyan 40 ne ke cin gajiyarsa. Tun farko shawarar da aka yanke ita ce mabuƙaci ya shiga kantin da kowa ke shiga, ya zaɓi abin da yake so, maimakon ya bi layin rabon kaya a bakin sito. Shawara ce mai kare mutunci, amma ita ce ta haifi tambayarmu.

Jihohi ne ke tantance iyalai, amma tantance kantuna aikin gwamnatin tarayya ne, ta hannun hukumar FNS da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Noma. Neman izinin kyauta ne. Mai kanti zai cike takarda, ya kawo shaidar ko shi wane ne, da lasisin kasuwancinsa, da bayanin asusun banki da na cinikinsa, hukuma kuma tana da kwana 45 ta ba shi amsa. Ana duba tarihinsa, ko an taɓa kama shi da zamba. Izinin na mutum ɗaya ne a wuri ɗaya; idan ya sayar da kantin, sabon mai shi sai ya nemi nasa, kuma ana sake tantancewa aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar. A tsakiyar wannan duka akwai ziyarar mai bincike, wanda ke shiga kanti da kyamara da takardar ƙirge, ya buɗe firji, ya leƙa kanta, ya ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya.

Abin da yake ƙirgawa shi ne zuciyar maganar. Doka ta kasa abincin yau da kullum gida huɗu: ganye da 'ya'yan itace, madara da dangoginta, nama, kaji da kifi, sai burodi da hatsi. Bisa ma'aunin da aka yi shekaru ana aiki da shi tun 2018, kanti zai nuna iri uku a kowane gida, kowane iri kuma guda uku, sannan a gida biyu aƙalla a sami mai saurin lalacewa, wato ɗanye ko na firji. Jimla kaya 36. Tuffa, tumatir da kabeji iri uku ne, amma tuffa ja da tuffa kore iri ɗaya ne. Lemon kwalba, alewa, biskit, gahawa da kayan ƙamshi ba sa shiga lissafi. Akwai ƙofa ta biyu ga mai sana'a ɗaya: idan fiye da rabin cinikinsa daga abincin yau da kullum yake, ya cancanta. Ta nan mahauci mai sayar da naman halal a unguwar Bronx ke shiga, haka mai kifi. Wanda fiye da rabin cinikinsa dafaffen abinci ne ana ɗaukarsa gidan cin abinci, ba a ba shi. Wanda aka hana don ƙarancin kaya sai ya jira wata shida kafin ya sake nema.

Kaya 36 ba su da yawa, majalisar dokokin Amurka ma ta ga haka. A dokar noma ta 2014 ta ɗaga iri daga uku zuwa bakwai, ta ce mai saurin lalacewa ya kasance a gida uku. Ma'aikatar Noma ta fito da daftari a farkon 2016 mai neman kaya 168. Masu ƙananan kantuna da 'yan majalisa da dama suka yi ca, aka sauko zuwa 84 a watan Disamba na shekarar, a 2017 kuma majalisar da kanta ta taka wa batun iri bakwai birki ta cikin dokar kasafin kuɗi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Kantin da ba ya da komai sai lemo da soyayyen dankalin leda bai kamata ya ci kuɗin da aka ware don ciyar da yara ba. Amma kantin da ke bakin hanyar ƙauye, wanda motar dillali ke zuwa masa sau ɗaya a mako, idan aka tilasta masa ajiye ɗanyen kayan da ba zai sayar ba kafin su ruɓe, abin da zai yi shi ne ya ajiye izinin, sai unguwar ta rasa har ɗan abin da take samu. Ra'ayina shi ne a ɗaga ma'aunin, amma a ɗaga shi tare da abin da zai sa a iya cika shi: rancen firji, haɗa ƙananan kantuna da dillalan da za su sayar musu kaɗan-kaɗan, da isasshen lokaci. Abin takaici, dokar 2014 ɗin ce kuma ta ɗora wa yawancin kantuna kuɗin na'urar karɓar kati, wadda a da ake ba ƙananan kantuna kyauta. An ƙara wa jaki kaya, an rage masa harawa.

Hujja ta farko da masu suka za su kawo ita ce: me ya sa ake damuwa da ƙananan kantuna? Alƙaluma kamar suna goyon bayan mai tambayar. Kantunan da ke da izini sun haura 250,000, fiye da kashi 40 cikin ɗari nasu ƙananan kantunan unguwa ne, amma abin da ake kashewa a cikinsu bai kai kashi 10 na kuɗin shirin ba. Kusan kashi uku cikin huɗu ko fiye yana tafiya manyan kantuna irin su Walmart. Sai dai alƙaluma suna faɗin nawa aka kashe, ba sa faɗin wa ya kashe da kuma yaushe. Iyali kan nemi mota a farkon wata su yi babbar sayayya inda kaya ke da araha. Burodin ranar Laraba da madarar da ta ƙare da dare a kantin kusa ake sayensu, kuma ga tsoho, ga mai naƙasa, ga mazaunin yankunan ƙabilun asali inda babban kanti ke da nisan mil da yawa, kantin kusa shi ne kasuwar gaba ɗaya. Dokar ma ta amince da haka, domin ta ba hukuma damar sassauta wa kantin da ya ɗan gaza ma'auni idan yana wurin da abinci ke wuyar samu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce zamba. Mai kati ya miƙa, mai kanti ya cire dala 100 kamar an yi ciniki, ya ba shi 50 a hannu, ya riƙe saura. Binciken Ma'aikatar Noma ya nuna a 1993 kusan santi huɗu a kowace dala ke bin wannan hanya. Tsakanin 2012 da 2014 ya koma santi ɗaya da rabi, wanda duk da haka ya kai kimanin dala biliyan ɗaya a shekara, kuma mafi yawansa a ƙananan kantuna ake yi. Ba zan raina wannan ba, abincin yara ne ake sayarwa rabin farashi. Hukuncinsa kora ce ta har abada, kuma ga wanda ya aikata, daidai ne. Damuwata tana kan yadda ake kamawa. Akwai manhajar kwamfuta mai suna ALERT da ke bin kowane ciniki tana neman alamu: kuɗi mai yawa a kantin da bai da kaya, cirewa sau da yawa daga kati ɗaya cikin ɗan lokaci, adadi iri ɗaya yana maimaituwa. Daga nan sai takardar tuhuma, mai kanti kuma yana da kwana goma ya kare kansa. To ku ɗauki mai kantin da ya san kowa a layinsa, wanda ke ba maƙwabciya shinkafa da mai bashi a ƙarshen wata, ta zo ta biya gaba ɗaya ranar da aka zuba mata kuɗi. Wannan ma laifi ne a doka, hukuncinsa dakatarwa ta shekara ɗaya, kuma akwai hikima a hanin, domin kada kuɗin watan gobe ya ƙare a bashin jiya. Amma a idon na'ura kamanninsa ɗaya da zamba, kuma idan ba shi da cikakken littafin bashi da rasit, korar har abada ce za ta hau kansa. Kwana goma ba su isa mutumin da shi ne mai kanti, shi ne yaron kanti, shi ne akawu, wataƙila ma Ingilishi ba harshensa ba ne. Kuma idan aka rufe masa na'ura, maƙwabtansa ne ke fara jin zafin.

Hujja ta uku ita ce a ba mutane tsabar kuɗi a huta da izini da bincike. Masana tattalin arziki da yawa suna da wannan ra'ayi, kuma ba wauta ba ne. An gwada a tsibirin Puerto Rico daga 1982, amma a 2001 aka ɗaure kashi 75 na tallafin ga sayen abinci da kati a kantuna masu izini. Shirin Amurka ya yi tsawon rai ne don an ɗaure shi da abinci, yana tafiya cikin dokar noma, wakilin birni da na karkara kowa yana da abin karewa a ciki. Muddin tallafi yana ɗaure da abinci, dole wani ya faɗi wane kanti ne na abinci, kuma ba a tsere wa tambayarmu ba.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. A Maiduguri da wasu garuruwan Arewa maso Gabas, Hukumar Abinci ta Duniya ta raba wa 'yan gudun hijira katin da suke sayen abinci da shi a shagunan da ta ƙulla yarjejeniya da su. Duk inda aka yi haka, sharaɗin rajista da asusun banki da jarin cika shago yana fifita babban ɗan kasuwa, ya bar mai tebur da mai kayan miya a waje, alhali wurinsu ganye da tumatir suke. Kasuwannin manoma na Amurka sun samo wa wannan mafita mai sauƙi. Ana ba kasuwar gaba ɗaya izini guda, a ajiye na'ura ɗaya a teburin shugabannin kasuwa. Mai kati ya ce a cire masa dala 20, a ƙirga masa ƙwandalolin katako na daidai kuɗin, ya zaga rumfuna ya sayi ƙwai a nan, alayyaho a can. Da yamma kowane manomi ya kawo ƙwandalolin da ya tara, a rubuta, a biya shi. Manomi mai rumfa ɗaya bai cike takarda ba, bai sayi na'ura ba, hukuma kuma tana da wuri guda da za ta bincika idan lissafi ya ƙi fita.